Deraman da Birin Aro

Da cika baki sana'a ce, da tuni Pak Deraman ya gina bene a Telaga Rhu. Babu abin da za ka ambata a shagon kofin Wan Sulong wanda bai taɓa yi ba. Ka ce jirgin ruwa, shi ya taɓa tuƙa na kamun kifi cikin guguwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cin shinkafa. Ka ce kada, ya taɓa zama a bayan wani ya ɗauka gungume ne, sai da ya gama shan tabarsa ya tashi. Mu da muka taso tare da shi mun san ko kogin bayan masallaci zai haye sai ya ƙanƙame gefen kwalekwale yana salati. Amma mukan ƙyale shi, domin kofi ba ya daɗi in babu ƙarya a gefe.

Abin da ke ciyar da gidansa kuwa kaskon matarsa ne. Mek Limah ta yi shekara da shekaru tana suyar keropok, wato ƙullin kifi da gari da ake soyawa ya yi ƙurus-ƙurus, a bakin titi ƙarƙashin wata tsohuwar tamfol. In an yi ruwa ta jiƙe, in an yi iska ta bar kasko ta bi tamfol da gudu. Ba ta ha'inci, kifi take zubawa sosai, gari kaɗan, shi ya sa direbobin manyan motoci kan tsaya mata ko ba sa jin yunwa.

Ana nan sai gwamnati ta shimfiɗa mana hanyar siminti a bakin teku, ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, tun daga gadar bakin kogi har dutsen ƙarshen ƙauye, ta ratsa ƙarƙashin itatuwan kwakwarmu kaf. A tsakiyar hanyar aka gina ɗan shago mai rufin kwano, da famfo, da lantarki, da ƙofa mai mukulli. Shago ɗaya tal, mata biyu suka nema: Limah, da Mek Jenab mai dafa shinkafa da madarar kwakwa. Aka ce ranar Asabar ɗin buɗe hanya kowacce ta kafa teburinta kusa da shagon. Puan Rohaya, jami'ar da za ta zo daga ofishin gunduma, za ta ɗanɗana, ta miƙa mukulli ga wadda ta ga ta dace.

Kowa ya san na Limah ne, har ita Jenab ɗin. Abu ɗaya kawai Limah ke tsoro a duniya, kuma a gidanta yake kwana.

Ta sami Deraman a baranda yana gyaran gashin baki, ta kira shi yadda matanmu ke kiran mazansu, ta ce, "Abang, roƙo na zo yi. Ranar Asabar ka zauna a gida."

"In zauna a gida? Ranar da ake neman maza?"

"Ba maza ake nema ba, keropok ake nema."

"Ke ba ki san manya ba, Limah. Babba ba da harshe yake ɗanɗano ba, da ido yake yi. Sai an nuna masa abin da bai taɓa gani ba."

"To ka bar idonta ya huta. Ni dai na gaji da bin tamfol, Abang. Gwiwoyina sun fara ciwo. Ina so in mutu ina da ƙofar da zan rufe."

Ya ce ya ji. Ya kuwa ji, domin ko awa ba a yi ba yana shagon Wan Sulong yana shimfiɗa wa jama'a shirinsa. Shi zai shige gaban ayarin baƙi a kan keke, da biri a bayansa. In an iso teburin Limah ya ja birki, biri ya hau ya tsinko ɗanyar kwakwa, shi kuma ya sare kanta da adda ya miƙa wa Puan, ta kora keropok da ruwan da yanzun nan ya sauko daga sama. Ya buga tebur ya ce, "Bayan wannan wace ce kuma Jenab?"

Pak Jusoh masunci, wanda bai taɓa barin maganar Deraman ta wuce lafiya ba, ya ajiye kofinsa. "Kai da biri? Deraman, kyanwar gidanka ma ba ta amsa kiranka."

"Kyanwa ba ta da ilimi. Ni da na zauna a Patani ina koyar da birai tun kana tsoron ƙaguwa."

"Bara ka ce a Patani tuƙin jirgi ka yi."

"Da safe jirgi, da yamma birai. An hana mutum sana'a biyu ne?"

Wan Sulong ya ce, "Limah ta sani?"

"Mace ba a gaya mata alheri sai ya iso."

Mai biri ɗaya ya rage mana a ƙauyen, Tok Embong, kuma duk kwakwar da ake ci a Telaga Rhu birinsa Kudin ne ke tsinkowa. To, a lokacin ƙafar tsohon ta kumbura, ya daɗe bai fita aiki ba, itatuwa sun yi nauyi da 'ya'ya. Shi kuma Kudin zaman banza ya ishe shi, har ya fara fige kajin gidan da ransu. Don haka da Deraman ya je aro da safiyar Asabar, Tok Embong bai ja magana ba.

Ya nuna masa wani tsohon baƙin keke mai nauyin jaki, da katako a ɗaure a kariyarsa, ya ce, "Ba ya hawa keken kowa sai wannan. Igiyarsa a jikin keken take ɗaure, kada ka kwance."

"Haba Tok, ni za a nuna wa hanyar gidanmu?"

"Ka dai saurara. Duk inda ka sa ƙafa a ƙasa, in akwai kwakwa a sama, to a wurinsa an zo aiki. Zai hau, kuma ba ya saukowa sai ya share bishiyar tas. In ka ja igiya, cewa ka yi ya ƙara sauri. Ka ji ni?"

"Na ji, na ji," in ji Deraman, alhali ya karkata madubin keken yana duba haƙoransa.

Shigar da ya yi ranar ita ma abin a faɗa ce. Ya ari wandon tseren keke wurin surukinsa, irin ɗamammen nan mai sheƙi. Da ya saka ya dubi kansa, sai kunya ta kama shi, ya tuna Tok Imam zai zo, ya ɗauko zaninsa na zuwa masallaci ya ɗaura a kai. Ya kifa hular kwano ta babur mai baƙin gilashi, ya ɗaure adda a ƙarfen keke. Kudin ya ɗare katakonsa ya zauna, ya dafa kafaɗar Deraman da hannu ɗaya kamar maigida da direbansa.

A bakin gada an cika maƙil. Ga 'yan birni masu keke sun zo da kaya ja da kore da hulunan kwano, kekunansu ko yaro ya ɗaga da yatsa. Ga masu ganga, ga Puan Rohaya cikin fararen kaya tun daga mayafi har takalmi, ga Tok Penghulu mai garinmu yana ta kai da komo yana goge gumi. Deraman ya yi jinkiri da gangan don a gan shi. Sai da Tok Imam ya ɗaga hannu ya fara addu'a a gindin wata gajeriyar kwakwa, sannan ya ratso jama'a yana kaɗa ƙararrawa, ya ja birki dab da liman, ya sa ƙafa a ƙasa.

Kafaɗarsa ta yi sakayau. Kafin ya waiga, igiya na ta warwarewa tana bin bishiya.

Tok Imam ya roƙa wa hanya albarka, jama'a suka ce amin, kwakwa ta ce tim a gefen ƙafarsa. Bawan Allah bai sauke hannu ba, ya dai matsa taku ɗaya. Ya roƙa wa masu bin hanyar kariya daga abin da ke sama da abin da ke ƙasa, ta biyu ta sauko ta fasa kujerar roba. Daga nan addu'ar ta ɗauki gudu, ban taɓa jin Tok Imam ya kai fatiha da wuri haka ba ko ranar da ake ruwa a maƙabarta.

Deraman ya cafki igiya ya fizga yana cewa, "Sauko, ɗan banza." Kwakwa suka fara saukowa bibbiyu.

Tok Penghulu ya matso yana magana ta cikin haƙora. "Deraman, me kake yi mana haka?"

Amma 'yan birni sun riga sun zaro wayoyi suna tafi, sun ɗauka cikin shirin biki ne. Puan Rohaya ma dariya take, ta ɓuya a bayan direbanta. Da Deraman ya ga haka sai ya saki igiya, ya ɗage gilashin hularsa ya ce da ƙarfi, "Maraba ce irin ta Telaga Rhu, Puan. Kakanninmu haka suke tarbar manya."

Jusoh ya ce daga baya, "Shi ya sa manya suka daina zuwa."

Allah ya taimaka bishiyar gajeriya ce, 'ya'yanta kaɗan. Kudin ya share ta, ya sauko, ya koma kan katakonsa ya dafa kafaɗar Deraman, yana jiran a kai shi ta gaba. A nan ne maganar Tok Embong ta faɗo wa Deraman, ita ma tim, kamar kwakwar. Ya ɗaga ido ya dubi sabuwar hanya. Itatuwa ne jere hagu da dama har inda ido ya ƙare, kowacce ta sunkuyo da kaya. 

Mai hankali a nan zai juya keke ya mayar wa mai biri birinsa. Har ya fara karkata kan keken, sai Puan ta yanke ƙyallen buɗe hanya, ta hau nata, ta kira shi da Pak Cik, wato kawu, ta ce, "Pak Cik, kai za ka shige mana gaba ko? Kai ka san hanya."

Wata budurwa mai kyamara ta juyo da ita kansa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Deraman ya ce, "Ai da ni aka auna ta, Puan," ya taka feda.

Da farko abin ya tafi daidai. Iska na kaɗawa daga teku, ganguna na tashi a baya, masu keke na biye da shi, masu tafiya a ƙasa na biye da su. Har ya fara nuna wa baƙi inda ya taɓa ceto mutum bakwai daga nutsewa. Matsalar 'yan birni ɗaya ce, ba sa iya ganin ruwa su wuce. Ba a yi nisa ba wani ya hango jiragen kamun kifi masu fenti a kan yashi, ya ce a tsaya a ɗauki hoto. Kowa ya ja birki. Deraman ya saci kallon sama, ya ga abin da ke rataye, ya ci gaba da taka feda.

"Pak Cik, ka tsaya mu ɗauka da kai da birin."

"Ku ɗauka ina tafe, ya fi kyau."

Hanyar ba ta da faɗi, amma haka ya riƙa juya baƙin keken nan a kanta, ya je ya dawo, ya je ya dawo, taya na rawa, Kudin na leƙen ƙafarsa yana jiran ta taɓa ƙasa. Kafin baƙi su gama hotunansu masu tafiya a ƙasa sun cim musu.

Jusoh ya ce, "Deraman, ka manta yadda ake sauka ne? In kawo maka tsani?"

"Ɗumama jini nake. 'Yan tsere ba sa barin ƙafa ta huce."

"To ga ruwa, tsaya ka sha."

"Na sha jiya."

Gumi ya cika hular kwano har yana gangarowa ta haɓarsa. Ɗamammen wando ya kama shi ta inda ba a faɗa. Sau ɗaya ya sami wani ɗan fili da babu kwakwa, ya sa ƙafa a ƙasa yana haki kamar kifin da aka jefo cikin jirgi, amma ko numfashi uku bai ja ba ayari ya iso yana kaɗa masa ƙararrawa. Dole ya ci gaba.

Ana wata ga wata. Tun ranar da simintin nan ya bushe, matan ƙauyenmu suka gane ba a taɓa yi musu wurin shanya irinsa ba: sumul, babu yashi, rana na dukansa yini guda. Tok Penghulu ya bi gida-gida yana roƙo a ɗaga masa ƙafa ranar Asabar kawai, kowacce ta yarda ban da Mek Som. Tsohuwar ta ce ita rana ba ta gaya mata tana hutun buɗe hanya ba. Ga ta nan kuwa ta baje ƙananan kifinta fari fat daga wannan gefe zuwa wancan, ta bar 'yar siririyar hanya a baki, wadda sai mutum ya sauka ya tura kekensa. Ita kuma tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno da tsintsiyar korar kyanwoyi, a inuwar wata kwakwa mai kaya kamar ta karye.

Deraman ya hango ta ya fara kaɗa ƙararrawa. "Mek Som, kwashe, kwashe, ga manya nan."

"Manyan ba su da ƙafar sauka?"

"Don Allah, Mek, ba zan iya tsayawa ba."

"Ubanka ma da ya fi ka sauri a nan yake tsayawa ya gaishe ni."

Ya dubi kifi, ya dubi sama, ya dubi kan tsohuwa da babu komai a kai sai ɗan mayafi. Ya runtse ido ya bi ta tsakiyar shanya. Ƙurus-ƙurus-ƙurus, taya na niƙa kifi. 'Yan birni kuwa, da yake an ce musu shi ne ya san hanya, sai suka ɗauka haka ake yi, suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na wucewa yana ce wa tsohuwa sannu da aiki. Mek Som ta miƙe tana zagin Deraman tun daga kakansa na wajen uwa, ta cire silifa ta jefe shi. Kudin ya cafe a sama, ya sansana, ya riƙe abinsa. Tsohuwa ta biyo ayari da takalmi ɗaya da tsintsiya, kyanwoyin unguwa kuma suka sauka a kan abin da ya rage.

Can sai ga rufin shago yana ƙyalli. Teburin Jenab na can gefen teku a fili, rana na dukansa. Limah kuwa, da yake ta riga zuwa tun da asuba, ta kama wuri mai kyau, a inuwar bishiyar da ta fi kowacce tsawo da kaya a hanyar. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera farantan da ta aro wurin ƙanwarta, ga babban kwanon miyar barkono, ga kasko na tafasa, ƙamshi har bakin ruwa. Ta sa sabon mayafi. Tana tsaye tana murmushi irin na wadda ta san yau wahalarta ta ƙare, har ta hango baƙar hular kwano da biri a baya. Murmushin ya tafi.

In za a faɗi gaskiya, a nan Deraman ya yanke shawarar hankali ta farko a rayuwarsa. Ya ce a ransa ba zai tsaya ba, zai wuce kamar bai san ta ba, ya kai birin nan can kan dutse inda ko ciyawa babu. Ya sunkuya, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya danna feda. Dannawar nan ce ta sa bakin zaninsa ya sauko. Sarƙar keke ta cafke shi, ta naɗe, ta naɗe, ta tuɓe shi tsaf daga ƙugu, taya ta ƙame. Keke ya tsaya cak a gaban teburin Limah, kamar an auna da igiya.

Ya yi iya yinsa, wallahi. Ya tsaya a kan feda yana karkaɗa kan keke hagu da dama, ƙafafu a sama, yana addu'ar da bai gama haddacewa ba. Amma keken da ba ya tafiya ba ya tsayuwa da kansa. Ƙafa ta taɓa ƙasa.

Limah ta ce, "Abang," a hankali.

Kudin ya ajiye silifar Mek Som a kan farin ƙyalle, ya kama bishiya.

Ta farko ta sauka a tsakiyar farantan aro. Ta biyu ta sami gefen tebur, keropok ya yi tsalle ya watsu a yashi. Daidai lokacin Puan Rohaya ta iso ta sauka daga kekenta tana cewa, "Kai, wannan ƙamshi," sai ta uku ta faɗa cikin kwanon miyar barkono. Fararen kayan nan suka koma kamar an yanka kaza a kansu.

Deraman ya manta da komai, ya rungumi igiya ya ja da dukkan ƙarfinsa. To, ka san abin da jan igiya ke nufi. Kudin, da ya daɗe yana marmarin aiki, ya shiga murɗa kwakwa da hannu da ƙafa. Jenab ce ta yi wuf ta janye Limah baya, sai ga wata ƙatuwa ta faɗa cikin kasko, ya kife, mai ya malale a yashi yana hayaƙi. Allah ya kiyaye bai taɓa kowa ba. 'Yan birni suka duƙa a ƙarƙashin hulunansu na kwano, mu kuwa da ba mu da komai a ka sai tawakkali muka ruga ƙarƙashin rufin shago. Tok Penghulu da Tok Imam suka isa tare, kuma ba liman ne ya fara shiga ba.

"A kwantar da hankali, na san maganinsa," in ji Deraman. Ya tofa yawu a tafin hannu ya rungumi bishiya, da shi da ɗamammen wandonsa mai sheƙi a gaban matan ƙauye duka. Ya hau kamar tsayin mutum, ya tsaya, ya zamo a hankali har ƙasa yana ƙara kamar sabon takalmi.

Jusoh ya leƙo daga ƙarƙashin rufi ya ce, "A Patani ma haka kake saukowa?"

Duk da haka bai haƙura ba. Ya kwance adda, ya ɗauki wata kwakwa daga ƙasa, ya rarrafa zuwa bakin shago yana sara, ya miƙa wa Puan da hannu biyu. "Sabuwa fil, Puan, yanzu ta sauko." Busasshiya ce, ko ɓawon bai ratsa ba. Puan ba ta karɓa ba, kuma ko da ta so ba ta samu dama ba, domin a lokacin Mek Som ta iso. Ta fara zuba masa tsintsiya a hular kwano, da ta ji ba ta shiga sai ta koma inda wandon ya fi ɗamewa. Babu wanda ya raba su.

Da aka janye Puan zuwa gefen teku inda babu abin da ke faɗowa, Tok Penghulu ya yi ta ba da haƙuri har muryarsa ta dushe. Matar kirki ce, ba ta yi faɗa ba. Ta goge fuska, ta ce a kawo abincin a ɗanɗana a gama, tana da wani taron. Limah ta shiga ƙarƙashin bishiyar nan da tire a kanta, kwakwa na faɗuwa hagu da dama, tana tona yashi tana neman keropok ko guda ɗaya mai tsabta. Ta ɗaga wannan ta hure, ta ɗaga wancan ta goge da bakin sabon mayafinta. Babu. A nan dariya ta ɗauke wa kowa, har Jusoh, don abin ya ba mu tausayi ƙwarai.

Puan ta ci shinkafar Jenab cokali biyu, ta ce ta yi daɗi, ta miƙa mata mukulli. Jenab ta karɓa kanta a ƙasa, ta yi saurin cusa shi cikin jaka kamar abin sata.

Sannan Puan ta juya ta dubi mutumin da ke tsaye can da hular kwano a karkace, da adda a hannu, babu zani. Ta ce, "Wai shi wannan bawan Allah, wa ya gayyato shi? Ɗan garin nan ne?"

Tok Penghulu ya dubi teku. Tok Imam ya dubi carbinsa. Sauran jama'a kuwa, ba da niyya ba, duk idonsu ya tafi kan Limah, har Puan ta lura.

Ta ce wa Limah, "Mak Cik, kin san shi ne?"

Limah ta ɗauki kaskonta da ya lotse, ta zazzage yashin ciki. Ta dubi mijinta tun daga hula har ƙafa, ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Birin dai na sani, Puan. Na Tok Embong ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka kasa. Deraman ya sauke addar da ke hannunsa. Maganar ta fi tsintsiyar Mek Som shigarsa nesa ba kusa ba.

Baƙi suka hau kekunansu suka yi gaba, wannan karon Tok Penghulu ne a gaba, a ƙasa. Masu ganga suka bi su ba kiɗa. Limah ta ɗora kasko a ka, ta juya ta kama sabuwar hanya ta nufi bakin titi inda tamfol ɗinta take, tana ɗan ɗingisa gwiwa, ba ta waiwaya ba.

Deraman ya kira ta sau ɗaya. Ya so ya bi ta ya karɓi kaskon, ko ba za ta yi masa magana ba. Amma igiya na ɗaure a keken aro, Kudin kuwa ko rabin bishiyar bai yi ba.